Tuna baya: Mamman Shata Katsina, mawaƙin da iyaka ba ta tare muryarsa ba

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Madarunfa zuwa Maraɗi, ko ya bi ta Ɗan Isa ya nufi Jibiya, da wuya a ce bai yi wani yanki na tafiyarsa da muryar Mamman Shata a kunne ba. A da kaset ne direba ke cusawa a rediyon mota, yau kuma ɗan kati ne ko wayar salula, amma muryar tana nan yadda take, da kalangai a bayanta, da ƴan amshi masu nanata layi guda har ya zauna wa mutum a ka. Mai muryar ya kwanta dama tun ranar Juma'a 18 ga watan Yuni na shekarar 1999. Galibin samarin da ke kabu-kabu a garin yanzu ba a ma haife su ba a lokacin, duk da haka in aka saki waƙarsa a teburin mai shayi za ka ga leɓɓansu na motsi.

A takarda Shata ɗan Najeriya ne. A kunnen mutumin Madarunfa kuwa ɗan gida ne, kuma da dalili. Sarautar Maraɗi sarautar Katsina ce: bayan da masu jihadi suka karɓe birnin Katsina a wajajen 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga baya suka kafa zamansu a Maraɗi ƙarƙashin Ɗan Kasawa, shi ya sa har gobe Sarkin Katsina ake ce wa mai sarautar Maraɗi. Iyakar da Turawan Faransa da na Ingila suka shata a farkon ƙarni na 20 ta raba haraji da tuta da harshen da ake koyarwa a lakkol, amma auratayya da kasuwa da karin harshe duk sun tsallake ta. Hausar da Shata ya yi waƙa da ita ita ce wadda ake ciniki da ita a kasuwannin wannan yanki, ba ta bukatar tafinta.

Sunan da ya samo a tallan goro

An haifi Muhammadu, wanda duniya ta sani da Mamman Shata, a garin Musawa cikin ƙasar Katsina a shekarar 1923. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa kuma Lariya, kuma jinin Fulani ne. Babu makaɗi babu maroƙi a gidan. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a wancan zamani, domin kiɗa a ƙasar Hausa gado ne kamar ƙira da fawa da wanzanci. Musa Ɗanƙwairo, alal misali, a hannun mahaifinsa ya tashi ya tarar da kotso. Shata bai tarar da komai ba sai allo da gona da talla.

Ya yi karatun allo kamar sauran yara, bai shiga makarantar boko ba. Da ya ɗan tasa sai ya kama tallan goro, daga baya ya koma alewa. Masu tarihinsa sun ruwaito cewa a nan sunan ya samo asali. Yakan sayar da kayansa, amma kafin ya iso gida ya rabar da ribar ga duk wanda ya ci karo da shi a kasuwa ko a hanya. In aka tambaye shi ina kuɗi, sai ya amsa da cewa ya yi shata da su, wato ya watsar. Wani ɗan'uwansu da ake kira Baba Salamu ya riƙa tsokanarsa da Mai Shata, suna kuwa ya bi shi har kabari. Wannan hali na sakin hannu bai bar shi ba ko da ya girma. Kuɗi sun shigo masa da yawa, sun kuma fita da yawa.

Waƙa ya fara ta ne a dandali, inda samari da ƴan mata ke taruwa da dare bayan an ci tuwo, mai kalangu na kiɗa ana gaɗa ana wasa. Ba don kuɗi ba, don nishaɗi da nuna bajinta a gaban tsara. Sai dai bakinsa ya fi na saura kaifi, kuma ba ya laluben kalma. Labari ya kai kunnen mahaifinsa, ransa kuwa ya ɓaci. A idon dattijon, wanda ya tsaya gaban jama'a yana wasa wani da baki don a ba shi, maroƙi ne, roƙo kuwa zubar da mutuncin gida ne. An yi faɗa, an yi nasiha, yaro bai bari ba. Wannan saɓani na uba da ɗa shi ne ya bi Shata tsawon rayuwarsa ta fuskoki daban-daban: shin abin da yake yi sana'a ce mai daraja, ko bara ce da aka yi wa kwalliya da kiɗa?

Waƙoƙin da ya yi a dandalin Musawa da ƙauyukan kewaye yawancinsu sun tafi da iskar daren da aka rera su. Babu wanda ya ɗauke su, babu wanda ya rubuta. In aka dubi yadda wasu ƙasashe suka yi da nasu, abin da ciwo. A Rasha, tun 1897 wata mata mai suna Yevgeniya Linyova ta riƙa shiga ƙauyuka da na'urar ɗaukar murya ta wancan zamani, tana naɗar waƙoƙin manoma yadda suke fitowa daga bakinsu, ta kuma buga su a littattafai a 1904 da 1909. Wani ɗan ƙasar tasu, Mitrofan Pyatnitski, ya tattaro mawaƙa manoma daga karkara ya kai su birnin Mosko suka yi wasa a 1911, kuma ƙungiyar da ya kafa tana nan har yau da sunansa. A ƙasar Hausa a daidai wannan lokaci, abin da Turawan mulki suka fi tarawa shi ne tatsuniyoyi da labarai a takarda, kamar littattafan da Frank Edgar ya fitar tsakanin 1911 da 1913. Takarda kuwa tana riƙe kalma, ba ta riƙe murya da kiɗa. Saboda haka Shatan da muka sani a faifai Shata ne wanda ya riga ya nuna. Ɗanyen ya wuce mu.

Kalangu ya shiga fada

Daga Musawa ya koma Bakori, inda ubangidansa na farko, Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa, ke aikin En'e a harkar sayen auduga da gyaɗa. A Bakori ya yi aurensa na farko, daga nan kuma ya riƙa fita yawon waƙa zuwa garuruwa, har Katsina da Kano. Shekarar da aka fi ambata a matsayin wadda tauraronsa ya fito ita ce 1952, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, lokacin da aka yi wani gagarumin biki da ake kira bikin ƴan sarki, inda ƴaƴan gidan sarautar Kano da dama suka yi aure a tare. Shata ya yi wasa a wurin, daga ranar kuma Kano ta san da shi. A 1960, shekarar da Nijar da Najeriya suka samu ƴancin kai, ya tare a Funtuwa, garin auduga da jirgin ƙasa da ƴan tireda, ya zauna a can kusan shekara 40 har ƙarshen rayuwarsa.

Sai an san matsayin kalangu a wancan lokaci kafin a gane girman abin da ya faru. Kayan kiɗan Hausa suna da daraja hawa-hawa kamar mutanen da ake kaɗa wa su. Tambari da kakaki na sarki ne. Kotso da taushi na mawaƙan fada ne, irin su Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa, da Salihu Jankiɗi, da Sa'idu Faru. Kalangu kuwa na mahauta ne da ƴan mata a dandali da ƴan dambe. Ganga ce mai siririn ƙugu, an rufe bakunanta biyu da fata, an ɗaure da tsarkiya daga wannan baki zuwa wancan. Makaɗi na rataye ta a hammata. In ya matse tsarkiyar sauti ya hau, in ya saki ya sauka, shi ya sa take iya bin hawa da saukar maganar Bahaushe har mai kunne ya ji abin da take faɗa. Wannan gangar ta talakawa ita Shata ya ɗauka ya shiga da ita zaurukan sarakuna da gidajen attajirai, bai canza ta da kotso ba don a karɓe shi.

Bai kuma ɗaure kansa ga fada guda ba. Mawaƙin fada na da ubangida ɗaya, shi ke ci da shi, shi ke tufatar da shi, in sarki ya faɗi shi ma ya faɗi. Shata ya yi wa sarakuna waƙa, ya yi wa hakimai, amma ya yi wa ƴan kasuwa da direbobi da dillalai da sojoji da mata masu zaman kansu. Zamaninsa ne ya ba shi wannan dama. Gyaɗa da auduga da motocin sufuri sun haifar da sabon rukunin masu kuɗi waɗanda ba su gaji sarauta ba, amma suna son a san da su. Mutanen Maraɗi sun san irin waɗannan mutane sarai, domin su ne alhazan da Bafaranshen nan mai bincike Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986. Mai sarauta yana da kirarin kakanninsa. Sabon alhaji kuwa sai ya nemi wanda zai ƙera masa nasa. Waƙar Shata guda ɗaya takan kai sunan mutum inda motarsa ba ta taɓa zuwa ba, kuma akwai mutanen da yau ba a tuna komai nasu sai cewa Shata ya ambace su.

Yadda yake ƙera waƙa a tsaye

Abin da ya fi ba masu nazari mamaki shi ne yadda waƙar ke fitowa. Shata ba ya zama ya tsara baitoci a gida, ya haddace, sannan ya fito. Abin da ake bukata kawai shi ne amshi: gajeren layi guda da zai bai wa yaransa, makaɗa su ɗora kiɗa a kai. Da zarar amshi ya zauna, sauran aikin nasa ne. Yana tsaye babu ganga a hannunsa, yana jefo ɗiyan waƙa ɗaya bayan ɗaya, ƴan amshi na mayar masa, shi kuma a ɗan wannan tsakani ya riga ya ɗinka na gaba. Abin da idonsa ya gani a filin nan take yana iya shiga waƙar: wanda ya shigo a makare, wanda ya yi kyauta, wanda ya noƙe, garin da aka kwana jiya, kogin da aka tsallaka.

Shi ya sa waƙarsa ɗaya ba ta fitowa iri ɗaya sau biyu. Bakandamiyarsa, wadda a ciki yake wasa kansa yana kuma jan kunnen abokan hamayya, tana da siffofi da dama a hannun masu tara kaset, wata ta fi wata tsawo, wata ta ƙunshi garuruwa da mutanen da babu su a wata. Amshin ne kawai ba ya motsi. Narambaɗa ma yana da tasa Bakandamiyar, kuma masoya waƙa sun daɗe suna gardamar wadda ta fi. Gaskiyar magana, ba hanya ɗaya suka bi ba. Narambaɗa maƙeri ne mai zama ya goge kowace kalma har ta yi sheƙi, Hausarsa ta Gobir mai zurfi, wani baitin sai an fassara wa matashin yau. Shata kuwa Hausarsa a fili take, yaro ya gane, tsoho ya gane, Bazabarme ko Buzun da ya koyi Hausa a kasuwa shi ma ya gane. Masu ganin wannan sauƙi a matsayin rauni sun manta cewa shi ne ya kai waƙar har zangon Hausawa na Kumasi da Akara.

Shi kansa bai iya faɗin adadin waƙoƙin da ya yi ba. Kuma babu abin da ya ɗauka ya fi ƙarfin kalangu. Ya yi waƙar noma, ya yi ta dabbobi da tsuntsaye, ya yi ta aure, ya yi ta garuruwa da dazuzzuka. Lokacin yaƙin basasar Najeriya, daga 1967 zuwa 1970, ya yi waƙoƙin ƙarfafa wa sojojin tarayya gwiwa, a daidai lokacin da gwamnatin Diori Hamani a Yamai ta tsaya bayan Legas duk da cewa zuciyar Faransa na wajen Biyafara. Da Amurkawa suka sauka a kan wata a watan Yuli na 1969, Shata ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa. Mutane da yawa a karkara ta bakinsa labarin ya zauna musu, ba ta jarida ba.

Rediyo ce ta yi masa fuka-fuki. Gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962 ana kama shi tangaram a Maraɗi da Tasawa da Damagaram, kuma gidan rediyon Nijar, wanda ya fara aiki a 1958 ya kuma koma Muryar Sahel a 1974, yana da nasa shirye-shiryen Hausa da kiɗan gargajiya. Aka yi zamanin faifan garmaho, sannan kaset ya zo ya cika kasuwanni. Sai dai kaset ɗin da ake kwafa a rumfar kasuwa ba ya kai wa mawaƙi ko dala. Arzikin Shata daga fili yake fitowa, daga hannun wanda aka wasa: kuɗi, riguna, dawakai, motoci. Ya zagaya ƙasashen Afirka ta Yamma, Nijar na ciki, ya je Makka, ya kuma kai kalangu har Amurka.

Baki mai yanka biyu

Ba a faɗin tarihin Shata da gaskiya in an ɓoye zambo. Bakin da ke ɗaga mutum shi ne ke iya kayar da shi, kuma kowa ya san haka. Waƙarsa da ake kira Gagarabadau ta zama abin misali a wannan fanni: zambo ne mai ɗaci wanda jama'a suka haddace suna dariya, alhali akwai ɗan Adam da iyalinsa a ƙarƙashin dariyar. Wani ɓangare na kyautar da ake yi wa manyan mawaƙa, in za a faɗi gaskiya, kuɗin sayen lafiya ne. Wanda ya ba da don ƙauna da wanda ya ba da don tsoron kada a wayi gari ana rera sunansa a tasha, duk hannu ɗaya suka miƙa. A nan dole a yarda cewa tsoron da mahaifinsa ya ji ba na banza ba ne gaba ɗaya. Ya kuma yi takun saƙa da wasu mawaƙan zamaninsa, ba a rasa martani a cikin waƙoƙinsa.

Haka nan maganar giya. Shata ya yi waƙar da ta wanke masu sha, ta kuma yi farin jini ƙwarai a gidajen rawa da mashaya, malamai kuwa ba su taɓa yafe mata ba. Mutumin nan dai shi ne ya yi waƙar begen Annabi da ziyarar ƙasa mai tsarki wadda har yau ake sakawa lokacin tashin alhazai, tsofaffi na share hawaye. Masoyansa kan so su riƙe ta biyun su manta ta farkon, masu sukarsa kuma su yi akasin haka. Duka biyun nasa ne. Ya rayu a zamanin da birane irin su Kano da Funtuwa da Maraɗi ke da masallaci cike da kuma unguwar da ba a kwana, ya kuma yi wa kowane ɓangare waƙa ba tare da ya nemi izinin ɗayan ba.

Zamanin ya juya a gabansa. Ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978, wadda wa'azinta ya tsallako har Maraɗi ya kuma samu karɓuwa wajen ƴan kasuwa da matasa, ta yi kakkausar suka ga almubazzaranci a biki da suna da kuma kyautar da ake zuba wa maroƙa. Wasu daga cikin irin mutanen da a da za su kira makaɗi su cika shi da kuɗi sai suka koma gina masallatai da makarantu. Ta wani gefen kuma finafinan Hausa na Kano suka taso a shekarun 1990 da kiɗan fiyano, wanda mutum ɗaya a ɗaki zai haɗa ba tare da makaɗi ko ɗan amshi ba. Shata bai sauya salo don ya bi yayi ba. Da kalangu ya fara, da shi ya gama.

Daga maroƙi zuwa dakta

Amsar tambayar da aka fara a gidan Ibrahim Yaro ta zo ne daga inda ba a zata ba, wato jami'a. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero ta Kano, ya kammala digirinsa na dakta a Jami'ar Indiyana ta Amurka, kuma a kan Shata ya yi binciken: matsayin mawaƙin baka a cikin al'ummar Hausa da Fulani. Ɗalibai da dama suka bi sahu. Gwamnatin Najeriya ta ba shi lambar girmamawa ta MON, sannan a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Mutumin da bai taɓa zama a benci ba ya sa rigar malaman jami'a, daga nan kuma sunansa ya koma Alhaji Dakta Mamman Shata Katsina. Masoyansa kuwa sun riga sun ba shi nasu laƙabin tun tuni: Mahadi mai dogon zamani.

Nijar ma ta yi irin wannan yunƙuri ta hanyarta. Gasar kiɗa ta ƙasa da aka saba yi a Tawa sunan Ɗan Gurmu take ɗauke da shi, cibiyar koyar da kiɗa ta Yamai kuma sunan Alhaji Taya. Amma sanya wa gasa ko gini sunan mawaƙi abu ne mai sauƙi a kan tattara muryarsa. Wanda ya nemi cikakkun waƙoƙin Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram, ko na makaɗan fadar Maraɗi da Tsibiri, zai gane cewa Shata ya yi sa'a: ya samu rediyo mai ƙarfi, da kamfanonin faifai, da marubutan da suka bi sawunsa tun yana raye. Littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa uku suka wallafa a 2006, ya adana abubuwa da yawa da da sun bi dattawan da suka san su.

Siyasa ba ta yi masa daɗi kamar waƙa ba. Abin mamaki, mutumin da ke cin abinci a hannun sarakuna da attajirai zuciyarsa ta fi karkata ga ɓangaren talakawa. A shekarun 1970 ya zama kansila a ƙaramar hukumar Kankiya. A jamhuriya ta biyu ya shiga GNPP kafin ya koma NPN. A zamanin jam'iyyu biyu na Janar Babangida aka zaɓe shi shugaban SDP na ƙaramar hukumar Funtuwa, amma bai daɗe ba aka tsige shi bayan saɓani da jagoran jam'iyyar a jihar Katsina, Janar Shehu Musa Ƴar'aduwa. A fagen waƙa in Shata ya ɗaga murya kowa sai ya saurara. A cikin jam'iyya kuwa ya tarar akwai masu ƙidayar hannu, kuma ba kalangu ke juya su ba.

Ƙarshen tafiya

A shekarunsa na ƙarshe rashin lafiya ya kama shi. An kwantar da shi a Kano, an kai shi Jidda aka yi masa aiki, ya ɗan samu sauƙi, sannan ciwo ya dawo. A asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano rai ya yi halinsa, yana da shekara 76 a duniya. Shekarar 1999 shekara ce mai nauyi ga ƙasashen biyu: a watan Afrilu aka kashe Shugaba Ibrahim Ba'are Mainasara a filin jirgin saman Yamai, a ranar 29 ga Mayu kuma sojojin Najeriya suka miƙa mulki ga Olusegun Obasanjo. Mako uku bayan wannan rantsuwa labarin rasuwar Shata ya fito a gidajen rediyo, daga Kaduna har sassan Hausa na Landan da Kolon da Washinton, kuma a ranar ba a yi wata hira ba a rumfunan kasuwa sai tasa. Ya bar mata da ƴaƴa da jikoki da dama. Allah ya jiƙansa.

Ba a kai shi Musawa inda aka haife shi ba, ba a kuma mayar da shi Funtuwa inda ya yi shekara kusan 40 ba. Daura aka nufa da gawarsa, garin babban ubangidansa kuma amininsa, Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya hau gadon sarauta a 1966, wanda kuma Shata ya yi wa waƙoƙin da suke cikin mafiya daɗi a duk abin da ya rera. Sarkin da kansa ya halarci jana'izar, aka rufe shi da yammacin wannan Juma'a. Bashar ya rayu shekara takwas bayansa, ya rasu a 2007. Daga Daura zuwa bakin iyakar Nijar ta Kwangwalam tafiyar ƴan mintoci ce a mota.